Abin da Ya Rage a Layi

Sabon Gari, Wudil
2 ga Afrilu, 2001

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jego, yaya jaririya? Allah ya raya ta bisa Musulunci.

Saƙon ta'aziyyarki ya iso ta hannun Bilya direba, na kuma aika wa Radiyya nata. Kin tambayi yadda abin ya faru. Ba dogon labari ba ne. Ran Alhamis abokin aikina Al-Amin ya ce wuyansa ya riƙe, ran Lahadi muka kai shi makwancinsa. Sanƙarau ne. Ya bar matarsa Radiyya da yara biyu, Ridwan da Fatimatuzzahra. Allah ya jiƙansa.

Wata buƙata ce ta sa na rubuto, kuma aikinki ce.

Kin san mun rufe jaridarmu, Bakin Gada, tun lokacin da sojoji suka tafi da Al-Amin suka riƙe shi watanni. Da farar hula suka karɓi mulki ba mu yi gaggawa ba, mun tsaya mu ga ko abin zai zauna. Bana muka yanke shawarar dawowa. Fitowar farko ta kammala, shafi takwas, kuma shi da kansa ya tsara ta a kan kwamfutar nan da kika ba ni, mai manhajar Linux. Babban labarin nasa ne: manoman bakin kogi da gonakinsu ke zubewa cikin ruwa saboda yashin da tifofin wani ɗan kwangila ke kwasa. A da, in ka je wa manomi da biro da takarda, sai ya ce bai ga komai ba. Wannan karon sun faɗi sunayensu, sun yarda a buga. Wani dattijo, Malam Gwadabe, ya tambayi Al-Amin a gabana, "Yanzu in na faɗi sunana, ba za a zo mini da mota ba?" Al-Amin ya ce ba wanda zai zo sai shi, kuma jarida zai kawo masa har gona.

Mai maɗaba'ar da zai buga mana a Kano yana son shafukan a kan takardar tiresin, shara-sharar nan da ake hango haske ta cikinta, daga firinta mai leza. Irinta guda ce na sani a garin nan, wadda ke shagon Al-Amin. Amma ta ƙi karɓar umarni daga kwamfutata. Al-Amin ya yi ta fama da ita a makonsa na ƙarshe bai ci nasara ba. Na kwafi aikin a diski na zaga shagunan kwamfuta a Kano, babu inda ya buɗe.

Ga abin da nake gani, don kada ki yi aiki da zato. Fitilar firinta koriya ce. Wayar kwamfutata tana shiga ƙaramin akwatin nan mai fitilu, kuma fitilar tana ƙiftawa. In na ba da umarnin bugawa, ba ta cewa an yi kuskure, ba ta kuma fitar da komai.

Lokaci ya ƙure. Yayan marigayi, Malam Haladu, ya zo daga Lajawa ya karɓi makullin shago, sai dai yana buɗe mini in shiga wurin kwamfutata da firinta. Ya ce da an yi sadakar arba'in za a raba gado, kuma wani daga Kano ya riga ya taya kayan shagon gaba ɗaya. Zuwa ƙarshen watan nan babu firinta.

Ki gaida maigidanki Malam Muhyiddeen. Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa shan kunun kanwa.

Yayanki,
Gidaɗo

*

Zariya
7 ga Afrilu, 2001

Yaya Gidaɗo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jaririya na ta tsotso kamar an yi mata gorin ƙiba. Yaya ƙarin haƙuri? Har yanzu in na tuna Yaya Al-Amin sai in ji kamar zai shigo ya ce mini "Injiniya, kawo kuɗin shayi." Allah ya sa ya huta.

Da ba don wankan jego ba da na taho da kaina, aikin yini ɗaya ne. Tunda ba hali, karanta a hankali. Na san ka da gyara wa mutane rubutu, to wannan kada ka gyara mini ko ɗigo.

Abu na farko da za ka gane: kwamfutarka ba ta magana da firinta. Firinta tana jikin kwamfutar Yaya Al-Amin ne, mai Windows. Taka tana miƙa wa tasa aiki ta cikin waya, tasa kuma ta miƙa wa firinta. Da yake yarensu ba ɗaya ba ne, akwai wani tafinta a cikin taka, sunansa Samba, shi ke shiga tsakani. Ranar da na kawo muku ita babu wuta, shi ya sa ban haɗa su da hannuna ba.

Kada ka ce za ka cire wayar firinta ka soka a bayan taka. Ramin da ake soka ta ya ƙone tun kafin ofishinmu su yi gwanjonta, shi ya sa ma na same ta.

Ga abin yi. Buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ka rubuta ping, ka bar fili, sannan lambar da na manna a gefen kwamfutar Yaya Al-Amin. Wannan sallama ce kawai, don mu ji ko za a amsa. In an amsa, to matsalar ko sunan da aka ba firinta ne, ko kalmar sirri. In ba a amsa ba, ina zargin ba a saka wa Windows ɗin lambar ba, na manna ta ne a waje ba a shigar da ita ciki ba. Je ka zauna a gabanta, ka buɗe wurin saitin netwok, ka kwafo mini duk abin da ka gani a allon, layi bayan layi.

Bilya zai dawo Zariya ran Alhamis, ka ba shi amsa. Ka gaida Inna, ka ce mata kunun kanwa ya fara fita mini ta hanci.

Ƙanwarka,
Safiyatu

*

Sabon Gari, Wudil
12 ga Afrilu, 2001

Safiyatu,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na gode. Ina fata kuna lafiya.

Na yi sallamar da kika ce. Ba a amsa ba. Allon ya yi ta maimaita cewa bai sami kowa a wannan lamba ba, har na dakatar da shi.

Game da abin da ke kan allon Al-Amin, babu abin da zan kwafo miki, domin a kashe take. Tun ranar da ya rasu Malam Haladu ya zare wayarta daga bango, ya lulluɓe ta da mayafin da marigayi ke ajiyewa a shago. Ban faɗa miki a takardar farko ba saboda bai zo mini a rai cewa labari ne ba. Wa zai bar kayan mamaci a kunne? Sai da na karanta bayaninki na ga inda na yi kwana goma ina aika saƙo gidan da aka rufe.

Jiya na sami Malam Haladu a ƙofar shago na yi masa bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam Gidaɗo, firinta ku biyu kuka saya, na ji daga bakin ɗan'uwana. Rabinta naka ne, shi ya sa na bar ka da ita. Amma waccan tasa ce shi kaɗai. Yanzu ta marayu ce."

Na ce ba ɗauka zan yi ba, kunnawa kawai.

Ya ce, "In na ba ka jakin marayu ka kai taki gona, ka dawo da shi, ba ka ɗauke shi ba. Amma ka more shi. In ya karye a hanya fa? In ka kunna wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone, ni zan tsaya gaban Allah, ba kai ba."

Na ce masa firinta ba ta aiki sai ta cikinta.

Ya ce, "To ashe rabin naka ba ya tafiya sai da ƙafar wani. Wannan ba ni na haɗa ba."

Kada ki ɗauke shi mugun mutum. Ba ya neman ko allura a cikin kayan nan. Shi ya sayar da buhunan gerensa ya yi hidimar zaman makoki, kuma ya hana kowa ya faɗa. Tsoro yake ji, kuma abin da yake tsoro abin tsoro ne. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, ban ji daɗin tunanin ɗage mayafin nan in zauna a kujerar ba. Har yanzu takalmansa na shago suna ƙarƙashin tebur.

Malam Gwadabe ya zo kasuwa ran Juma'a ya biyo ta shago. Ya yi mini gaisuwa, ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Shi ke nan maganar ta bi shi ko?" Na ce a'a. Ya ce wata kadadar ta sake zubewa, har da bishiyar mangwaro.

In akwai wata hanya da ba ta bi ta kwamfutar marigayi ba, ki faɗa mini.

Wassalam,
Gidaɗo

*

Zariya
16 ga Afrilu, 2001

Yaya,

Wa alaikumus salam. Da na karanta takardarka na yi dariya har jaririya ta firgita, daga nan kuma sai kuka ya zo. Na cika takarda da lambobi, ban tambayi abu mafi sauƙi ba.

Babu wata hanya. Dole ta cikin tasa. Ka daina jayayya da Malam Haladu, kai ɗan jarida ne, za ka yi ta kawo hujja shi kuma yana ƙara kafewa. Akwai mai haƙƙi a kayan nan da ba wanda ya tambaya. Ka rubuta wa Anti Radiyya. Takaba ta hana ta fita, ba ta hana ta magana ba.

In Allah ya sa aka kunna, ga abin yi, na rubuta dalla-dalla a bayan takardar nan: yadda za ka shigar da lambar, ka sake kunnawa, ka buɗe saitin firinta ka ga sunan da aka raba ta da shi. Kalmar sirri ba sai ka yi ta hasashe ba, goge tsohuwar ka sa sabuwa, ka sa irinta a taka. Ba za ka buɗe takardun kowa ba, ka gaya wa Malam Haladu haka.

Abu ɗaya mai muhimmanci. Kwamfutarka ba ta zubar da aikin da bai fita ba, ajiye shi take yi a layi, tana jiran ranar da hanya za ta buɗe. Duk abin da kai da Yaya Al-Amin kuka yi ta aikawa yana nan. Rubuta lpq za ka gan su a jere. Ka share su duka kafin ka haɗa, umarnin yana nan a baya. In ba haka ba su za su fara fitowa, su cinye maka tawada, kuma tun zuwana na ƙarshe na ga tawadar ta yi ƙasa. Ba a samunta a Wudil, a Kano ma sai an yi oda. Share su, Yaya, sannan ka aika shafukanka.

Allah ya ba da sa'a. Muhyiddeen na gaishe ka.

Safiyatu

*

Gidan Marigayi
21 ga Afrilu, 2001

Zuwa ga Malam Gidaɗo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da ɗawainiyar da ake ta yi da mu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Takardarka ta same ni. Ban san maganar ta tsaya a nan ba, na ɗauka jarida tana Kano.

Shekaranjiya da Baffan yara ya shigo gaida Hajiya, mahaifiyarsu, na roƙi a ba ni izini in yi magana daga bayan labule. Na ce masa ni ban san kwamfuta ba, amma na san abin da Baban Ridwan ya kwana da shi ya tashi da shi. Lokacin da aka sako shi daga tsare, ya yi shekara ba ya iya riƙe biro. Bana ne na ga ya dawo mutumin da na aura. Ya yi wa mutanen bakin kogi alkawari da bakinsa. Na ce, Baffa, a islamiyya an koya mana cewa ana sauke abin da ke wuyan mamaci kafin a taɓa gado. In buhun gero ya yi wa wani alkawari, da ka kai tun ranar uku. Wannan ma a wuyansa yake.

Ya tashi ya fita. Jiya ya dawo ya ce ya je wurin Liman, kuma ya amince, bisa sharaɗi. Shi zai ɗage mayafin, shi zai kunna da hannunsa, don in wani abu ya faru ya zama a kansa. Zai zauna har a gama. Zama ɗaya ne, ba za a sake ba. Ya sa ran Alhamis da hantsi, in akwai wuta.

Ban da abin da zan ƙara. Yara suna gaishe ka.

Radiyya

*

Sabon Gari, Wudil
27 ga Afrilu, 2001

Safiyatu,

Assalamu alaikum. Yau aka yi sadakar arba'in. Jiya muka yi aikin, ga yadda ya kasance.

Malam Haladu ya zo da alwalarsa. Ya yi bismillah ya ɗage mayafin, ya ninke shi ya ɗora a cinya. Na nuna masa maɓallin, ya danna da babban yatsa kamar mai dangwala wa takarda. Zarginki daidai ne, ba a shigar da lambar ba. Na bi bayaninki ban gyara ko ɗigo ba. Da na sake yin sallama, aka amsa.

Sannan na rubuta lpq, kamar yadda kika ce. Layin ya fito. Na ƙasa nawa ne, na share su ba tare da tunani ba. Na sama kuwa, kowanne da sunansa a gefe, alamin, alamin, alamin, har allon ya cika. Na riga na rubuta umarnin sharewa, saura in danna. Malam Haladu ya ga na tsaya.

Ya ce, "Lafiya? Ta ƙone ne?"

Na ce a'a. Na yi masa bayani cewa waɗannan abubuwan da marigayi ya aika ne ba su fita ba, gwaji ne kawai, kuma ƙanwata ta ce a share don tawada ba za ta isa ba.

Ya ce, "Shi ya rubuta su?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To da izinin wa za ka share? Ni an ba ni amanar abin da ya bari, ba a ce mini ban da na cikin waya ba. Su fito."

Na ce in tawada ta ƙare, jarida ta tsaya, kuma shi ya ce zama ɗaya ne.

Ya ce, "Na faɗa. Amma shi ya riga ka shiga layi."

Na san abin da kika rubuta, kuma kin fi mu gaskiya ta fuskar aiki. Na cire tiresin na sa farar takarda, na buɗe hanya.

Firinta ta yi ƙara ta ja takarda. Malam Haladu ba ya karatun boko, don haka duk wadda ta fito sai ya miƙo mini in karanta. Ta farko: "Bismillahi. Gwaji." Ta biyu haka. Sai shafin farko na jarida, sau biyu, da babban kanu baƙi ƙirin, ina kallo tawada na tafiya. Sai wata: "Ke firinta, ki ji tsoron Allah." Malam Haladu ya yi dariya, ya rufe baki da mayafin. Sai wata: "Gidaɗo, in wannan ta fito kafin ka dawo daga masallaci, kifin bakin gada a kanka, manya, ba irin na rannan ba."

Ta ƙarshe ranar Alhamis ɗin da ciwon ya kama shi ya aika ta. Ga abin da ke ciki: "Na tafi gida, wuyana ya dame ni. Ka bar ta a kunne, wataƙila ta fito da kanta."

Na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya duba bayanta, ya riƙe ta har muka gama.

Na sa tiresin na aika shafukanmu. Shida sun fito tas. Na bakwai ya fara dusashewa, na ciro kwanson tawadar na girgiza, ya fito da ƙyar. Na takwas, inda sunayen manoman suke, ya fito kamar an rubuta da toka. Na girgiza na sake, bai ƙaru ba.

Kin san a maɗaba'a na fara aiki kafin in zama ɗan rahoto. Na ɗauko alƙalamin zane mai baƙar tawada, na shimfiɗa shafin a kan gilashin taga, na bi kowane harafi da hannu. La'asar ta same ni a kai. Da yamma na kai Kano. Mai maɗaba'a ya ɗaga shafin ya duba a haske, ya ce zai kama, sai dai duk mai ido zai gane shafin baya ba aikin inji ba ne. Na ce ya buga haka. Gobe zan karɓo.

Takardun Al-Amin suna hannun Malam Haladu, ya ce shi zai kai wa masu su.

Na gode, Injiniya. Ki shafa mini kan jaririya.

Yayanki,
Gidaɗo

*

Gidan Marigayi
29 ga Afrilu, 2001

Malam Gidaɗo,

Assalamu alaikum. Jarida ta iso, Allah ya saka da alheri. Ridwan ya karanta wa Hajiya labarin babansa tun daga farko har sunayen baya. Baffa ya ɗauki guda, ya ce a hanyarsa ta komawa Lajawa zai ratse ya kai wa Malam Gwadabe har gona.

Ya kawo mini takardun. Yara sun ga ta kifin, sun ce in gaya maka ta fito, kuma manya aka ce.

Gobe mai sayen kaya zai zo. Maƙwabcin shago ya aiko yana tambaya ko mantuwa aka yi, wai tun ran Alhamis yana hango hasken kwamfuta ta ƙasan ƙofa duk lokacin da aka kawo wuta. Na tambayi Baffa. Ya ce ba mantuwa ba ce, shi ya bar ta a kunne.

Wassalam,
Radiyya